Kun Dakatar da Mai Shaida, Kun Bar Wanda Ake Tuhuma a Fili

Zuwa ga Shugaban kulob ɗin ƙwallon ƙafar da na yi wa aiki shekara bakwai a nan Manchester, da sauran mambobin hukumar gudanarwarsa.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi maka fatan alheri, kai da iyalanka da duk wanda ke cin abinci a wannan kulob, tun daga 'yan wasa har masu wankin riguna da masu yankan ciyawa.

Sunana Nasiru Abdulƙadir, likitan fisiyo, mai gyaran tsoka da jijiya da gaɓoɓi. Ko ba ka riƙe sunan ba, ka san fuskar: ni ne wanda ke rugawa cikin fili da jaka idan ɗan wasa ya faɗi. Sau uku ina rubuto maka a asirce. Amsa ɗaya na samu, daga lauyanku, layi huɗu. Shi ya sa wannan karon na rubuto a buɗe. Na fara rubuta ta da Hausa saboda ba ku kaɗai nake so ku ji ba. Akwai mutanena a masallacinmu na Longsight da har yau suke zaton kotu ta kama ni da ƙarya. Za a juya muku ita zuwa Turanci. Ba zan ambaci sunan kulob ba, ko na ɗan wasan. Kun san kanku.

Na ɗaya: abin da na gani.

Wata Asabar ce da la'asar, bayan wasan da muka je muka buga a Birmingham. An ci mu, kowa ransa a ɓace. Ina gefen motar bas ɗinmu ina cusa jakunkunan magani a ma'ajiyar kaya. Tsakanin inda motar take da wurin ajiye motocin baƙi akwai wata ƙofar ƙarfe, a bakinta akwai mai gadi, wani dattijo da riga mai ƙyalli da oba-oba a hannunsa. Daga baya na san sunansa Dennis, shekararsa hamsin da tara a lokacin. An ba shi umarni kada kowa ya bi ta ƙofar sai motarmu ta tashi. Ɗan wasanku na gaba, wanda ya fi kowa ci mana ƙwallo a kakar, ya zo yana so ya wuce wurin 'yan uwansa da ke jiransa a mota. Dennis ya ce ya yi haƙuri ya zagaya. Maganar da suka yi ba ta kai minti ɗaya ba. Sai na ga ya kai wa dattijon naushi ɗaya a gefen fuska. Dennis ya tafi ta baya, kansa ya bugi dakalin gefen hanya.

Ni na fara isa kansa, domin aikina ke nan. Na durƙusa na riƙe masa wuya kada ya motsa, jini na fita ta kunnensa, har motar asibiti ta zo. Da 'yan sanda suka tambaya wa ya ga abin da ya faru, akwai ma'aikatan kulob aƙalla shida a wurin. Wannan ya ce yana waya, wancan ya ce ya juya baya. Ni na ce na gani. Ban tsaya lissafin abin da zai biyo baya ba, jinin mutumin bai bushe a hannuna ba tukuna. Motarmu ta tafi ta bar ni ina ba da bayani. A jirgin ƙasa na koma Manchester, da rigar kulob a jikina.

Dennis ya yi kwana tara bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo, idonsa na hagu ya daina gani, jiri kuma bai sake rabuwa da shi ba. Bai tuna komai na wannan rana ba, ko zuwansa wurin aikin.

Na biyu: wanda kuka dakatar.

Bayan 'yan makonni aka tuhumi ɗan wasan da laifin yi wa mutum mummunan rauni. Aka ba shi beli da sharaɗin kada ya kusanci shaidun masu gabatar da ƙara. Ni ina cikinsu. Ga shi gini ɗaya muke aiki, ni nake gasa masa tsokar cinya sau uku a mako. Dole ɗayanmu ya matsa.

Ranar Litinin da safe jami'ar kula da ma'aikata ta kira ni ofishinta. Ta miƙo mini takarda mai cewa an ɗage ni daga aiki har sai an kammala sake duba tsarin sashen lafiya. Babu kalma ɗaya a cikinta game da shari'a ko beli. Na tambaye ta laifina. Ta ce, "Nasiru, dakatarwa ba hukunci ba ce. Mataki ne na kare kowa da kowa." Ta karɓi katin shigata, ta ce albashina zai ci gaba da shiga. Asabar ɗin wannan makon ɗan wasan ya buga wasa, ya ci biyu. Na ji ihun a rediyo ina kicin.

Yallaɓai, na yarda da maganar matar nan, har yanzu ma ina ganin gaskiya ta faɗa. Dakatarwa ba hukunci ba ce. To idan haka ne, me ya sa ta yi wa wanda ake tuhuma nauyi, ni mai shaida ba ta yi mini ba? Da kun ajiye shi a gefe da albashinsa, kun ba shi wani fili ya riƙa atisaye, babu wanda zai ce kun yanke masa hukunci. Da kun ga ba za ku iya rasa shi ba, sai ku kira ni ku faɗa mini a fuska, ku kuma rubuta ainihin dalilin a takardar. Ba ku yi ko ɗaya ba.

Kada ka ɗauka ina cikin masu cewa duk wanda aka tuhuma a kore shi daga fili. Na ga abin da hakan ke yi wa mutum, kuma a kulob ɗinku na gani. Shekara biyu kafin wannan abu, an tuhumi mai tsaron gidanmu na uku da sayen kayan sata, a kan wata mota da ya saya a hannun wani. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, ƙarfinsa ya fara ja baya. Ranar da labarin ya fito, ranar kuka dakatar da shi, kuka sa aka cire hotonsa daga bangon baranda. Bayan wata goma kotu ta sallame shi, amma kwantiraginsa ya riga ya ƙare, kuma babu kulob ɗin da ya neme shi. Ina nan ranar da ya zo kwashe kayansa, ni na taya shi ɗaukar jaka ɗaya zuwa mota. Shi a kan mota aka tuhume shi, kuka dakatar da shi kafin rana ta faɗi. Wannan a kan fasa kan mutum aka tuhume shi, bai rasa ko wasa ɗaya ba. Na duba littafin dokokin ma'aikata daga bango zuwa bango ina neman abin da ya raba su. Ban samu ba. Bambancin da na sani ɗaya ne: ɗaya yana zaune a benci, ɗaya yana cin ƙwallo.

Na uku: jira.

Wata goma sha huɗu aka yi kafin a fara shari'ar. Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa. Jami'ar da ke kula da shaidu ta gaya mini ba ƙarancin ɗakunan shari'a ba ne, ɗakunan suna nan a kulle, kuɗin zaman alƙalai ne aka rage. Ita ma kafin a gama an canja ta, an kawo wata, an sake canjawa. Akwai ranar da na hau jirgin sassafe zuwa Birmingham, na zauna a ɗakin shaidu tun hantsi har bayan la'asar, sannan aka leƙo aka ce mu tafi gida, wata shari'ar ba ta ƙare ba.

A wannan ɗakin na fara ganin Dennis tsaye da ƙafafunsa, yana dogara sanda, 'yar uwarsa tana riƙe da shi. An gargaɗe mu kada mu tattauna shaidarmu, don haka muka yi hirar ruwan sama da tsadar jirgi. A nan ya gaya mini shekara ashirin da biyu ya yi yana kula da ginin wata cibiyar matasa ta ƙaramar hukuma, har aka rufe ta aka sallame su. Gadin filin wasa shi ne aikin da ya samu bayan nan, na ranar da aka kira shi kawai. Bai san ni ne na riƙe masa wuya ba. Ban faɗa masa ba, saboda faɗar ma tattauna shaida ce.

Duk tsawon watannin nan ina gida a Levenshulme, ana biyana ba na komai. Wasu za su ce ai na huta. Mai aikin hannu ya san ba hutu ba ne. Matata Hadiza ma'aikaciyar jinya ce, ta fita tun da duhu-duhu, ni in kai yara makaranta in dawo in zauna ina kallon bango. A masallaci aka fara tambayata cikin ladabi ko lafiya ba a ganina a talabijin. Wani babba a cikinmu, likita, mutumin da nake girmamawa, ya ja ni gefe bayan sallar Juma'a ya ce in duba iyalina, mu baƙi ne a ƙasar nan, ba a shiga tsakanin masu kuɗi da kotu. Ban ji haushinsa ba, tsoro ne ya sa shi faɗa, kuma tsoron nasa bai tashi a banza ba. Sunana ya fita a intanet, ban san ta hannun wa ba. Magoya bayanku suka gano titinmu. Wata safiya na fito fitar da shara na tarar an rubuta mini zagi da fenti a jikin kwandon. Na wanke kafin yara su fito, amma 'yata Husna, mai shekara goma sha huɗu a lokacin, ta riga ta ji wanda ya fi shi a ajinsu. Ba ta yi mini maganar ba. Wurin uwarta ta je ta tambaye ta ko Baba ba zai iya cewa bai gani sosai ba. Hadiza ta ɓoye mini wannan har mako biyu.

A duk wannan lokaci, ko sau ɗaya babu wanda ya kira ni daga ofishinka.

Na huɗu: yadda aka yanke hukuncin.

Wannan ɓangaren na fi so mutanena su karanta a tsanake, ku ma ku karanta, domin ko dai ba ku fahimce shi ba, ko kun fahimta kun yi kamar ba ku fahimta ba.

A gida mun saba alƙali ne ke sauraron ƙara, ya yanke hukunci, ya faɗi dalilansa: na yarda da wane, ban yarda da wane ba. A nan, a manyan laifuffuka, ba haka ake yi ba. Ana zaɓo mutum goma sha biyu daga rajistar masu zaɓe, ba tare da duba sana'a ko ilimi ba, su ake kira juri. Alƙali yana bayyana musu doka, su kuma su yanke ko an aikata laifin. Tambayar da ake ba su ba ita ce wa ya fi gaskiya ba. Tambayar ita ce: kun tabbata? Idan suna ganin mai yiwuwa ya aikata, dole su sallame shi. Idan suna ganin kusan lalle ya aikata amma akwai sauran shakka mai ma'ana, dole su sallame shi. Da kunnena na ji alƙali yana maimaita musu wannan, bayan na gama ba da shaida an ba ni izinin zama a bayan kotu. Da farko ana so duka sha biyun su haɗu a kan magana ɗaya. Idan sun daɗe sun kasa, alƙali yana iya karɓar ta mutum goma. Idan goman ma ba su samu ba, sai a sallame su ba hukunci. Kuma ba sa faɗar dalili. Laifi ne ma wani daga cikinsu ya fito ya ba da labarin abin da aka tattauna a ɗakin.

Ɗan wasan bai musa naushin ba. Cewa ya yi Dennis ne ya fara ɗaga hannu da oba-oba kamar zai buga masa, shi kuma ya kare kansa. A doka, masu ƙara ne za su tabbatar ba kare kai ba ne. Kyamarar tsaro da ke wurin kuwa, motarmu ce ta tare ta. Dennis bai tuna komai ba. Mutum shidan nan suna nan a kan ba su gani ba. Saura ni kaɗai.

Lauyansa ya yi awa biyu yana yi mini tambayoyi. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Amma can wajen ƙarshe sai ya ɗago wata takarda ya nuna wa 'yan juri. Takardarku ce, wadda aka ba ni ranar Litinin ɗin nan. Ya karanta ta da ƙarfi, sannan ya juyo ya ce, "Kulob ya cire ka daga aiki saboda ana duba sashenka, ko ba haka ba? Kuma kana jin haushin wanda nake karewa, tunda ya taɓa kai ƙarar yadda kake duba shi." Na ce na ba 'yan sanda bayanina tun kafin a rubuta takardar, kuma saboda sharaɗin beli aka cire ni. Ya ce in nuna masa inda takardar ta faɗi haka. Na duba, duk da na san babu. Na ɗaga kai na ga wata mata a layin gaba na juri tana rubuta wani abu.

Yallaɓai, ban ce kun rubuta takardar don ta zama makami a kotu ba. Ban san zuciyarku ba. Abin da na sani shi ne masu gabatar da ƙara sun nemi kulob ya bayyana dalilin cire ni a rubuce, kuka ce ba za ku sa baki a shari'ar da ke gaban kotu ba. Kun riga kun sa baki tun ranar da kuka zaɓi wanda zai bar ginin.

'Yan juri na farko sun yi kwana biyu a ɗaki, suka kasa haɗuwa ko da mutum goma. Aka sallame su. Wannan yana nufin aƙalla uku ba su yarda a kama shi ba, aƙalla uku kuma ba su yarda a sake shi ba. Aka sa sabuwar shari'a, da sababbin mutum goma sha biyu, bayan wata tara. Lokacin an kusa shekara biyu da faruwar abin. Aka tambaye ni jaka nawa ce a hannuna, na ce biyu, ashe a karon farko ɗaya na ce. Aka tambaye ni taku nawa ne tsakanina da ƙofar, na faɗi abin da bai yi daidai da na baya ba. Naushin kuwa har gobe ina ganinsa. Takardarku ta sake fitowa. Wannan karon ba su kai awa uku ba suka dawo. Shugabansu ya miƙe ya ce ba a same shi da laifi ba. Idan sallama ce ba a tambayar mutum nawa suka yarda, don haka babu wanda ya san ko duka ne ko goma.

Ba na zagin mutanen nan. An ce musu sai sun tabbata, ba su tabbata ba, suka yi abin da doka ta ce. Iyakar abin da hukuncinsu ya faɗa ke nan. Bai ce Dennis ya ɗaga hannu ba. Bai ce na yi ƙarya ba. Bai ma ce ɗan wasan bai yi laifi ba, cewa ya yi ba a tabbatar ba.

Na biyar: sanarwarku, da abin da ya biyo baya.

Ba a yi awa ɗaya da fitowa daga kotu ba kuka fitar da sanarwa. Kuka ce gaskiya ta yi halinta, kuma 'yan juri sun yi watsi da zarge-zargen ƙarya da aka yi wa ɗan wasanku. Wane ne a cikin sha biyun ya gaya muku haka? Doka ta hana su magana. Ku kuka sa musu magana a baki. Kuma tunda mutum ɗaya ne ya ce ya ga naushin, duk wanda ya karanta ya san wa kuke nufi da mai ƙarya. Wannan sanarwa har yau tana shafinku na intanet. Ita ce abu na farko da ke fitowa idan aka nemi sunana tare da na kulob.

Bayan wata ɗaya aka aiko mini cewa an gama duba sashen lafiya, kuma babu gurbina a sabon tsari. Na je wurin lauya, ya ce ina da hujja mai ƙarfi. Amma a wancan lokacin sai ka ajiye kuɗi masu nauyi kafin kotun ma'aikata ta saurare ka, tallafin lauya na irin wannan ƙara kuma an janye shi. Ga Hadiza ta ce ba za ta iya ganin na sake tsayawa a gaban wani lauya yana juya ni ba. Ina cikin shawara wa'adin shigar da ƙarar ya wuce. Wannan kuskurena ne, ban ɗora muku ba.

Na nemi aiki a kulob-kulob har na daina ƙirgawa. Wani koci da muka taɓa aiki tare ya gaya mini gaskiya a waya, ya ce ba hannuna ake shakka ba, 'yan wasa ne ba za su saki jiki da ni a ɗakin gashi ba. Asibitocin gwamnati kuma sun tsayar da ɗaukar ma'aikata. Yanzu ta hannun wani kamfanin kwangila nake zagaya gidajen kula da tsofaffi, ina koya musu tashi daga kujera da taka matakala. Ba na jin kunyar aikin, yana da lada. Amma ba ni na zaɓe shi ba.

Na shida: Dennis.

Bayan an gama komai, lokacin da doka ba ta hana mu magana ba, na je na gan shi. Yana zaune a wani ƙaramin gidan haya a saman shago a unguwar Selly Oak ta Birmingham, kusa da Bristol Road, cikin gidajen ɗalibai. Ba ya iya tsallaka titi shi kaɗai, domin ba ya ganin abin da ke zuwa ta hagu, kuma idan ya juya kai da sauri ƙasa ce ke juyawa da shi. Masu tantance naƙasa sun duba shi sun ce zai iya aiki, don haka ba shi da tallafin gwamnati. 'Yar uwarsa tana ɗaukaka ƙara a kan wannan. An gaya masa yana iya kai ɗan wasan kotun diyya, inda ba a neman tabbas sai dai abin da ya fi rinjaye, amma ya ce ba shi da ƙarfin wata shari'ar.

Ya dafa mini shayi da kansa, ya ƙi yarda in taya shi. Mun daɗe muna hirar da ba ta da kai. Sai da na fara shirin tafiya ya ce in zauna. Ya ce tun da ya ji sanarwarku a rediyo yake kasa barci, saboda shi bai tuna ranar ba, kuma idan mutum goma sha biyu sun ce ƙarya ce, wataƙila shi ne ya jawo. Ya ce shekara ashirin da biyu ya yi cikin samari masu zafin kai bai taɓa ɗaga wa ɗan kowa hannu ba, amma yanzu bai san kansa ba. Sannan ya juyo da idon da ke gani ya ce, "Kai kana wurin. Faɗa mini tsakaninka da Allah, na ɗaga masa hannu?"

Na ce masa a'a. Hannunsa yana kan ƙirjinsa, riƙe da oba-oba, har lokacin da ya faɗi. Na kuma bayyana masa abin da na bayyana a sama, cewa sha biyun nan ba su ce ƙarya ba ce. Ya sa na maimaita. Babu wanda ya taɓa zama ya faɗa masa wannan, ko a kotu. Naushin ya ɗauke masa ido. Shakkar kansa kuwa ku kuka sa masa, da layi biyu a shafinku.

Abin da nake nema.

Ku janye sanarwar nan, ku maye gurbinta da abin da kotu ta faɗa kawai, ba ƙari.

Ku ba ni takarda mai sa hannunka da ke faɗar ainihin dalilin da ya sa aka cire ni: cewa ni shaida ne, an sa wa ɗan wasa sharaɗin beli, kuma kulob ya zaɓi ya matsar da ni. Ba na neman ku mayar da ni aiki. Takardar kawai nake so, in nuna wa masu ɗaukar aiki, in kuma nuna wa Husna.

Ku rubuta doka ɗaya kan abin da za a yi idan an tuhumi ɗan wasa da laifi, wadda za ta hau kan mai cin ƙwallo kamar yadda za ta hau kan na benci. Wanda zai yanke shawarar ya zama ba shi da riba ko asara a sakamakon wasan Asabar. Idan an dakatar da mutum, a biya shi, a bar shi ya yi atisaye, kada kwantiraginsa ya mutu yana jiran kotu. Kuma a rubuta ƙarara cewa ba a taɓa matsar da mai shaida don a ba wanda ake tuhuma wuri.

Sallamar kotu ba ta ɗauke muku nauyin binciken abin da ma'aikacinku ya yi sanye da rigarku ba. Wurin aiki ba kotun laifi ba ne, ba a ce sai kun tabbata kamar juri ba. Mutum shidan nan, huɗu har yanzu suna karɓar albashinku. Ku tambaye su a ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ku tabbatar musu ba za a karɓi katin shigarsu ba.

Sannan wani daga cikinku ya hau jirgi ya je Selly Oak. Ba da kyamara ba, ba da riga mai sa hannun 'yan wasa ba. Yana gida kullum.

Wataƙila za ka tambaya me ya sa sai yanzu. Makon jiya wata ambulan ta shigo ta ƙofarmu da sunana. An kira ni aikin juri a nan Manchester. Hadiza ta ce in nemi uzuri, na isa da kotu haka. Na kwana biyu takardar tana aljihuna, sannan na cike ta na mayar. Zan je. Zan zauna cikin sha biyun, in saurari wani mai shaida yana rikicewa a kan jaka ɗaya ko biyu. Idan kuma aka gama ban tabbata ba, zan ce a sallami mutumin, ko da zuciyata tana gaya mini ya aikata, ko da na san akwai wani a bayan kotu da zai koma gida da ciwonsa. Haka dokar take, kuma na yarda da ita duk da abin da ta ci mini. Abin da ba zan so ba shi ne in fito in tarar wani ya rubuta a shafinsa cewa ni na ce wanda aka cuta maƙaryaci ne, alhali doka ta rufe mini baki ba zan iya musawa ba. Haka kuka yi wa mutum goma sha biyu a Birmingham. Kafin in zauna a kujerarsu, na ga ya kamata wani ya faɗa muku.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya ba ka mashawarta masu faɗa maka abin da ba ka son ji. Allah ya tsare 'ya'yanka daga tsayawa a gaban kotu, ko a matsayin wanda ake tuhuma, ko a matsayin mai shaida shi kaɗai. Ɗan wasan ma ina roƙa masa shiriya. Dennis kuma Allah ya sassauta masa.

Wassalam.

Nasiru Abdulƙadir,
Levenshulme, Manchester.